Ranar da Motar Kakana Ta Mutu a Gangare

Kafin in iso Placita Alta daga birnin Albuquerque, mutanen ƙauyenmu sun riga sun yanke hukunci. A gidan man da na tsaya aka fara shaida mini, ba tare da na tambaya ba: Leandro Maestas ya zuba sukari a tankin motar kakana, kuma da ba don wata bishiya da ta tare ta ba, da yanzu ana haƙa kabari a bayan coci.

Abin da ya tabbata kaɗan ne. Kakana, Don Meliton Gurule, ya hau dutse da safe ya yo itacen hunturu, kamar yadda ya saba tun kafin a haifi mahaifiyata. A hanyar saukowa injin akori-kurarsa ya ɗauke ɗif, ba tari ba gargaɗi. Sitiyari ya ƙage, birki ya yi tauri, motar ta bar hanya ta jingina da bishiya, shi kuma ƙashin ƙugunsa ya karye. Sauran duk zato ne.

Amma zaton yana da inda ya dafa. Leandro maƙwabcinmu ne, tare muka tashi. Bara aka sako shi daga kurkuku bisa sharaɗi, inda aka kai shi saboda ya cinna wa motar wani wuta cikin maye, kuma kamu guda ya isa a mayar da shi ya ƙarasa shekarun da suka rage masa. Da bazara sun yi cacar baki da kakana a gaban jama'a kan rabon ruwan gona. Yanzu ga sawun takalminsa a inda ake ajiye motar. Kawuna Facundo ya riga ya kira ɗan sandan gunduma, wanda ya ce zai zo ranar Litinin.

Na karanta tarihi a jami'a, na san yadda jama'a ke gaggawar nemo wanda za su ɗora wa abin da ya tsorata su. Duk da haka, lokacin da na wuce ƙofar gidan Leandro, ban ɗaga masa hannu ba.

* * *

Kawu Facundo da kansa ya kira Doña Eufemia Roybal, domin ta tabbatar wa ɗan sanda sawun. Ita ake kira idan saniya ta ɓata a dutse, ko maharbi ya kasa dawowa. Mace ce gajera mai furfura, ba ta sauri a tafiya ko a magana.

Ta tsayar da mu a bakin shinge ta shiga ita kaɗai bayan rumbu, inda ƙasa ta yi laushi saboda ɗigar mai na shekaru. Ta daɗe tana zagayawa. A wani wuri ta durƙusa, ta duba, sannan ta jawo wani tsohon kwano ta kifa a kai.

"Sawunsa ne, ko ba nasa ba ne?" Kawu ya tambaya.

"Nasa ne."

"To shi ke nan!"

"Facundo, tun kana yaro kake ficewa daga coci kafin a ce amin. Sawunsa ne, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Wani ya taka kafin ruwan makon jiya, wani bayansa. Daga shingensa yake tahowa miƙe, da cikakken taku, ba irin na mai saɗaɗa ba. Ina bakin tankin motar yake?"

"Baya, gefen direba."

"Kowane zuwa a gaban motar yake tsayawa, ya juya ya koma. Sai dai in hannunsa ya kai tsawon motar." Ta dube ni. "Farfesa, kana da mota? Kai ni wurin Baltasar."

* * *

Baltasar bakanike ya riga ya janyo motar zuwa garejinsa. Mun same shi ya sauke tanki ya juye man a cikin kwalabe, ya jera su a rana.

"Ku duba da kanku," ya ce. "Ko shayin asibiti ya fi man nan sukari. Na fasa matacin mai, tsaf yake. Famfon mai yana waƙarsa. Batir lafiya. Ni ma na so in samu sukarin nan, da na huta."

Ya mayar da tankin, ya murɗa makulli. Injin ya tashi nan take, kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Muka tsaya muna kallonsa yana kaɗawa, ya ɗauki zafi, ba abin da ya faru.

"Motar da ta rasa mai takan yi tari, ta yi fizga, ta ba ka lokaci," in ji Baltasar. "Don Meliton ya ce tasa ɗif ta yi. Wannan wuta ce ta yanke. A tsaye ba za ta nuna ba, sai an girgiza ta kamar yadda hanyar dutse ke yi."

Ya zura hannu yana kama wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana jijjigawa. Da ya kai can ƙasa ta bayan inji, ya taɓa wata siririya, sai garejin ya yi tsit. Ya sake tayarwa, ya sake taɓa ta, injin ya sake mutuwa.

"Ga 'yar banzar. Ita ke gaya wa inji lokacin da zai ba da wuta. Saura zare biyu ko uku ke riƙe da ita."

Kawu ya leƙa. "An yanka ta da wuƙa! Na gaya muku."

Doña Eufemia ta karɓi tocila ta sa tabaranta. "Wuƙa mai haƙora biyu a jere? Gafiya ce." Ta cusa hannu a lungun da ke bayan wayar, ta fara jawo kaya: ƙirare, ƙayar daji, tsumman kujera, murfin kwalba. Gida ne cikakke.

A ƙasarmu ba mai ajiye mota ya bar bonet a rufe. Ana ɗaga shi a tokare da sanda, domin gafiya duhu da ɗumi take nema, ba ta zama inda haske da iska ke shiga. Kakana kuwa shi ne mai tsayar da baƙo a hanya ya yi masa faɗa a kan haka.

"Baba bai taɓa barin bonet a rufe ba," Kawu ya ce a hankali. Sai fuskarsa ta sake ɗaurewa. "Kun gani? Abin da ke kai Leandro gaban motar ke nan. Rufewa yake yi."

Doña Eufemia ta sake zura hannu. Daga ƙasan gidan gafiyar ta kwaso ɓawon pinyon, ƙwayar bishiyar dutse da muke ci kamar gyaɗa, cike da tafin hannu, ta shinshina, ta ɗora ɗaya a harshe.

"Gafiyar nan 'yar gata ce," ta ce. "Ta daji ɗanyen pinyon take tarawa. Wannan soyayye ne, da gishiri da barkono. Wani ya rufe mata ɗaki, ya kuma kawo mata abinci."

Na san ɗanɗanon ba tare da na taɓa ba. Haka kakata Delfinia ke soya shi. Amma rabin ƙauyen na cin nata, domin duk wanda ya shiga gidanmu da jaka yake fita, har da Leandro, wanda ita ta riƙe shi ranar baftismarsa.

* * *

Mun tarar da Leandro yana ɗaure buhun abincin kare. Ya ce zai kai karensa gidan 'yar'uwarsa ne kafin Litinin. Ya faɗi haka ba tare da ɗaci ba, kamar mai maganar yanayi, kuma wannan ya fi komai taɓa ni.

"Eliseo," ya ce da ni. "Ka yi ƙiba. Littattafai suna da maiƙo ashe."

"Me ke kai ka wurin motar?" Doña Eufemia ta tambaya.

"Buɗe bonet."

"Motar mutumin da ya kira ka ɓarawon ruwa a gaban mutane?"

"Ya kira ni, ni ma na kira shi abin da ya fi haka. Wannan daban. Daga tagata nake hango motar. Na ga bonet a rufe, na ce tsoho ya manta, na je na ɗaga. Kwana biyu na sake ganinsa a rufe, na sake ɗagawa. Ko motar Shaiɗan ce, Doña, ba ka gan ta a rufe ka wuce."

"Sawunka na ƙarshe ya kwana biyu. Me ya sa ka daina?"

Ya sunkuya yana ƙara ɗaure buhun da ya riga ya ɗauru.

"Ka ga mai rufewa," ta ce.

"Ban ga kowa ba."

"Leandro, shekaru za su mayar da kai ka yi."

"Na san hanyar wurin. Abincin ne kawai ba daɗi." Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Ku gaida Madrina Delfinia, uwar baftismata. Ku ce mata kada ta damu da ni."

* * *

A asibiti muka sami kakana yana faɗa da ma'aikaciyar jinya kan a sallame shi.

"Wace ce wannan kuka kawo mini?" ya tambaya, alhali Doña Eufemia na tsaye a ƙarshen gadonsa.

"Eufemia ce, Don Meliton. Ko maganin barcin bai sake ka ba?"

"Au, mai bin kashin shanu! Zauna. An kama ɗan iskan?"

"Tukuna. Bonet ɗin motarka, a buɗe yake makonnin nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Kullum da yamma ina zaune a baranda ina kallonsa, a buɗe."

"Da safen da ka fita fa?"

"A rufe na same shi. Na ɗauka Facundo ne ya sauke mini, tunda ya san zan hau dutse."

Da muka fito, ta tsaya a bakin motata. "Daga barandarku zuwa bayan rumbu, jifa ɗaya ne. Leandro ya hango daga tagarsa, wadda ta fi nisa. Kakanka bai yi ƙarya ba, Eliseo. Abin da ya san yana nan yake gani."

* * *

Da la'asar ta mayar da ni bayan rumbu, ta ɗaga kwanon da ta kifa. A ƙasa akwai zobe, da'ira mai zurfi daidai inda hancin motar ke tsayawa, da wasu zobba a kusa suna hawa kan juna.

"Bakin bokiti ne da aka kifa aka hau," ta ce. "Motar tana da tsayi. Leandro da Facundo da kakanka duk daga tsaye za su cire sandar. Wanda ya rufe bonet ɗin nan sai da ya taka wani abu, kuma ba shi da nauyi sosai."

Na shiga gida ta ƙofar kicin. Kakata Delfinia tana tsaye a kan tsohon bokitinta na ƙarfe, tana miƙa hannu saman kanta don sauko da gari. Tun ina yaro nake ganinta a kan bokitin nan, ban taɓa lura da shi ba sai ranar.

"Ka ci wani abu?" ta tambaya ba tare da ta juyo ba. "Kun je wurin Leandro? Yana cin abinci?"

Na ce mata yana ci. Na zauna ina kallon hannuwanta suna murza kwaɓin tortiya, siririyar gurasar da muke ci kullum. Matar nan ta yi fiye da shekara hamsin tana tashi kafin mijinta don ya tarar da kofi da zafi. Na nemi ƙiyayya a fuskarta ban samu ba, sai gajiyar mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta. Na san idan na yi shiru abokin yarintata zai koma kurkuku, idan na yi magana kuma ni ne zan miƙa kakata. Ban iya zaɓa ba. Na ci tortiyar da ta ajiye mini, ban ji ɗanɗanonta ba.

* * *

Ranar Litinin aka dawo da kakana gida, don ya rantse ba zai ƙara kwana a asibiti ba. Doña Eufemia ta nemi kowa ya hallara a ɗakinsa: Kawu Facundo, Baltasar, ni, da ɗan sandan, wani saurayi mai suna Lucero. Leandro ya zo da wankakkiyar riga, ya tsaya a bakin ƙofa. Kakata ta zauna a kusurwa da carbinta.

Doña Eufemia ta jera abin da ta gani: babu sukari, gafiya ce ta ci waya, an rufe bonet da gangan, an zuba soyayyen pinyon. Ba ta ambaci zoben bokiti ba.

"To ai ga shi," in ji Kawu. "Sawun wa aka gani?"

Lucero ya juya wajen ƙofa. "Maestas, kana da abin cewa? In ba ka da shi, sai mu tafi ofis."

"Ba ni da shi." Leandro ya miƙa hannuwansa gaba tun ba a nema ba, irin miƙawar wanda ya saba.

Na buɗe baki. Ban san me zai fito ba, kuma ba zan taɓa sani ba, domin kakata ta riga ni.

"Sauke hannunka, ɗana. Ni ce."

Kawu Facundo ya tako wajenta.

"Mama, ki zauna, ba ki san abin da..."

"Rufe mini baki, Facundo. Ni na rufe bonet, ni na zuba pinyon. Yaron nan ya gan ni a kan bokiti, ya juya baya kamar bai gani ba."

Kakana ya yunƙura zai tashi, zafi ya mayar da shi. "Ke, tsohuwa? Kashe ni kike so ki yi?"

"Da kashe ka nake so, da tuni na yi da cokali, wa ke dafa maka abinci? So na yi ka murɗa makulli wata safiya ta ƙi tashi. Baltasar ya ce gyaran ya fi kuɗin motar, ka zagi gafiya, ka haƙura, ba wanda ya san komai. Ban san za ta ci rabin waya ta bar rabi ba." Ta damƙe carbinta. "Da na ji ta tashi ran nan, na fito da gudu, ka riga ka kai kan hanya."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Sau nawa na gaya maka? Ka ce in kula da tukunyata. Ran da muke dawowa daga coci da bazara, wata yarinya 'yar gidan Archuleta tana tsaye a bakin hanya da jakar makarantarta. Ni na fizgi sitiyarin. Ka ce mini ai turken shinge ne. Turken shinge mai jar riga, Meliton!" Ta share ido da bayan hannu. "Ba ka gani. Ka fi son ka mutu da a ce Don Meliton Gurule ya daina tuƙi. Ni kuma na kasa tona ka a gaban 'ya'yanka, sai na aiki gafiya. Ga shi na karya ka, na kusa rufe yaron da na riƙe a gaban Allah. Kwanakin nan duk ina jira wani ya faɗa a madadina."

Ta juya ga Lucero ta miƙe tsaye. Kanta bai kai aljihun rigarsa ba. "In tafiya za a yi, bari in ɗauko mayafina."

Lucero ya dubi kakana.

"Yaro," kakana ya ce daga ƙarshe, "motar tawa ce, ƙugun nawa ne. Gafiya ta ci mini waya. Haka za ka je ka faɗa."

"Don Meliton, ai na ji abin da..."

"Ka ji tsohuwa tana surutu. Shekara hamsin nake ji, ban taɓa kai ƙara ba. Gafiya ce."

Lucero ya dubi Doña Eufemia. Ta ɗaga kafaɗa. "Haƙoran gafiya na gani a wayar. Wannan zan iya rantsewa a kai."

Ya sa hularsa. "Maestas, ba ni da abin yi da kai."

Kawu Facundo ya yi ta kallon ƙasa. Leandro ya sauke ajiyar zuciya, ya juya zai fita ba tare da ya jira a ba shi haƙuri ba, don bai saba a ba shi ba.

"Eliseo," kakana ya kira ni, da murya wadda ban san yana da ita ba. "Wa ke tsaye a bakin ƙofar can? Inuwa kawai nake gani."

Shi ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa, kuma a gaban kowa ya faɗa.

"Leandro ne, Kaka."

"Ce masa ya matso. Ya matso sosai, inda zan ga fuskarsa."

Leandro ya tako a hankali ya durƙusa a gefen gadon. Kakana ya kama fuskarsa da hannu biyu, ya jawo ta har goshinsu ya kusa haɗuwa, ya daɗe yana dubansa.